Bitar garin ƙashi na Bio-Oss da aikin gina ƙashin muƙamuƙi kafin a dasa haƙori

Mai zuwa asibiti don a dasa masa haƙori yakan ɗauka abu biyu kawai zai biya: ƙusar titaniyom da za a ɗaura a ƙashi, da kan haƙorin da za a ɗora mata. Sai likita ya duba hoto ya ce ƙashin bai isa ba, sai an fara gina shi da garin ƙashi irin Bio-Oss, a jira wata huɗu zuwa tara. Nan zargi ke shigowa, ko dabarar ƙara kuɗi ce. Akwai inda zargin yake da tushe, za mu zo wurin. Amma a bakin da ya daɗe da giɓi, ƙarancin ƙashi abu ne da ake aunawa da milimita, kuma duk wanda ya ɗaura ƙusa a ƙashin da bai isa ba ya ci bashin da majinyaci ne zai biya.

Ƙashin da ke riƙe da haƙori saboda haƙorin yake zaune. Da zarar an cire saiwar, jinin da ke ratsowa ta zaruruwan da ke ɗaure ta da ƙashi ya yanke, taunar da ke motsa wurin ta tsaya, sai jiki ya fara kwashe ƙashin. Wani bincike da aka buga a 2003 daga Denmak ya bi ramukan haƙoran baya tsawon shekara guda, ya tarar faɗin ƙashin ya ragu da rabi, daga kusan milimita 12 zuwa kusan 6, kuma kashi biyu cikin uku na asarar a wata uku na farko ta auku. Bangon da ke ɓangaren leɓe ya fi saurin tafiya, domin a haƙoran gaba na sama kaurinsa sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba. Idan kuma an bar haƙori har ya tara mugunya, ko wanda bai ƙware ba ya fizge shi da ƙarfi ya ɓalle bangon, to asarar ta fara tun kafin ramin ya warke. A sama ta baya akwai ƙarin matsala: kogon iska da ke cikin kunci yakan faɗaɗa ya sauko, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya koma kamar faifai.

Ga ma'aunin da ake nema. Ƙusar da aka fi sawa faɗinta milimita 3.5 zuwa 4.5 ne, tsawonta 8 zuwa 12. Ana son ƙashi ya kewaye ta da aƙalla milimita 1.5, a ɓangaren leɓe ma 2 ya fi. Ke nan ƙusa mai faɗin 4 tana buƙatar ƙashi mai faɗin kusan 7. A muƙamuƙin ƙasa ana barin tazarar milimita 2 tsakanin bakin ƙusa da jijiyar da ke kai ji zuwa leɓe da haɓa. Hoton baki na gama-gari, wanda ke shimfiɗa haƙora duka a takarda ɗaya, tsayi kawai yake nunawa, shi ma da ɗan ƙari. Faɗi sai hoton CBCT, mai yanka ƙashin yanki-yanki a kwamfuta. Wannan shi ne gwajin farko da muke yi wa kowane asibiti: wanda ya yanke maka farashin gina ƙashi bai ga CBCT ba, ƙiyasi yake yi. Wanda ya ɗauka kuma, ka ce ya nuna maka lambobin a allo. Idan faɗin 7 ne ko 8, tsayin ma ya wadata, amma aka ce sai an zuba gari, ka nemi ra'ayin likita na biyu.

Garin kansa

Bio-Oss na kamfanin Geistlich ne da ke Wolhusen a ƙasar Suwizalan, kuma shi ne garin da aka fi yin bincike a kansa a wannan fanni. Ƙashin saniya ne da aka wanke da sinadarai aka gasa har duk furotin da kitse suka fita, ya rage ma'adinin kawai, fari, mai ƙofofi kamar soso. Yana zuwa cikin ƙaramar kwalba ta giram 0.25, 0.5, 1 ko 2, kuma tsabarsa iri biyu ce: ƙanana masu milimita 0.25 zuwa 1, da manya masu 1 zuwa 2. Rabin giram na ƙananan yakan cika kusan sisi (cc, wato mililita) ɗaya. Ƙananan na ramin haƙori ne da gefen ƙusa, manyan na kogon kunci ne, inda ake son fili tsakanin tsaba don jijiyoyin jini su ratsa.

Abin da ba a cika faɗa wa majinyaci ba shi ne garin ba ya zama ƙashi. Aikinsa irin na azara ne a ginin ƙasa: ya riƙe siffar rufin, ya ɗauki nauyin laka. Jini ne ke shiga tsakanin tsabar, ƙwayoyin gina ƙashi su taso daga bangon majinyaci su bi ta kanta su yi gininsu. Ƙarfin Bio-Oss da rauninsa abu ɗaya ne, wato ba ya saurin narkewa. An sha ɗauko samfuri daga bakin mutane bayan shekaru an tarar da tsabar tana nan cikin sabon ƙashi. Don haka wurin da aka gina ba ya zubewa, abin da ake so ke nan a haƙoran gaba inda ɗan lotsawar dasashi ke fitowa a murmushi. Amma kuma wani kaso na wurin gari ne har abada, ba ƙashi mai rai ba, kuma ya fi jinkirin nuna. Inda aka zuba shi zalla a wuri mai faɗi aka buɗe da wuri, abin da ake tararwa tsaba ce a cikin nama mai laushi, tana warwatsewa a bakin abin huda.

Shi ya sa ba ma yarda da asibitin da gari ɗaya ne maganinsa ga kowane rami. Ƙashin majinyacin kansa, wanda ake kankarowa daga bayan muƙamuƙin ƙasa ko haɓa, shi kaɗai ke zuwa da ƙwayoyi masu rai, sai dai yana saurin raguwa kuma ciwo biyu ne a baki ɗaya. Haɗa su rabi da rabi, kamar yadda likita Istvan Urban na Budafes ya shahara da yi, ya fi kowanne shi kaɗai a manyan wurare: na jiki ya kawo rai, na saniya ya riƙe siffa. Akwai kuma ƙashin ɗan Adam daga rumbunan ajiyar sassan jiki, irin su Puros da MinerOss, wanda ke juyewa ƙashi da sauri fiye da na saniya. Akwai Cerabone na Jamus, shi ma na saniya, da ake gasawa a zafin da ya haura digiri 1200. Sai na haɗin masana'anta, irin su Cerasorb da BoneCeramic, waɗanda babu dabba a cikinsu ko kaɗan.

Tantanin rufi da batun alade

Gari ba ya tafiya shi kaɗai. Naman dasashi ya fi ƙashi saurin girma nesa ba kusa ba, idan ba a tare shi ba shi zai riga cika wurin. Don haka ake rufe garin da tantani. Wanda ake haɗa Bio-Oss da shi shi ne Bio-Gide, mai faɗin milimita 25 da 25 ko 30 da 40, fuska biyu gare shi: mai santsi ta kalli dasashi, mai kaushi ta kalli ƙashi. Yana lanƙwasa da kyau idan ya jiƙe, yana narkewa da kansa, kuma idan ɗinki ya ɗan buɗe a kansa sau da yawa dasashi kan rufe ba tare da an yi asarar komai ba. A wajen aiki ba mu da ƙorafi a kansa.

Sai dai da kolajin na alade aka yi shi, wato furotin ɗin da ke cikin fata da jijiya. Haka ma Bio-Oss Collagen, ɗan dunƙulen da ake cusawa a ramin haƙori, kashi 90 cikin ɗari garin saniya ne, kashi 10 kolajin na alade. Tantanin Jason na kamfanin botiss shi ma daga jakar zuciyar alade yake. A rubuce suke a takardar cikin kwali, amma majinyaci ba ya ganin kwalin. Hukuncin amfani da su tsakanin mutum ne da malaminsa. Haƙƙin likita shi ne ya faɗa kafin ranar aiki, musamman tunda akwai madadi: BioMend daga jijiyar agarar saniya yake, Cytoplast kuma roba ce ta PTFE da ba ta narkewa, ana zare ta daga baya. Asibitin da ke karɓar Musulmi kullum amma bai ajiye ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, mun rage masa maki.

Ranar cire haƙori

Mafi arha kuma mafi amfani a duk wannan hidima shi ne cike ramin a ranar da aka cire haƙori. Tun ran gini tun ran zane. Ana cire saiwar a hankali, idan turmi ne a raba shi gida biyu ko uku don kada a karya bango, a kankare ruɓaɓɓen nama har ƙashi ya yi jini, a zuba gari giram 0.25 zuwa 0.5 ba tare da dannawa da ƙarfi ba, a rufe da tantani, a ɗinke. Danna gari kamar ana daɓe kuskure ne, domin yana toshe hanyar jini. Bayan wata huɗu zuwa shida a dasa ƙusa. Wannan bai hana raguwa gaba ɗaya, amma yana rage ta sosai, kuma sau da yawa yana kuɓutar da mutum daga babbar tiyata. A nan kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Ƙara faɗi

Idan an riga an makara, ƙashin ya zama siriri kamar bakin wuƙa, milimita 3 ko 4, to sai aikin ƙara faɗi. Allurar kashe zafi ta wurin ta isa. Ana tsaga dasashi a kan tudun, a ƙara tsaga ɗaya ko biyu a tsaye nesa da inda garin zai zauna, a ɗaga naman duka daga ƙashi. Ana kankare ƙashin tas, domin ɗan naman da ya maƙale zai shiga tsakanin gari da ƙashi ya raba su. Sannan a huda ƙananan ƙofofi a bangon don jinin ɓargo ya fito. A kafe tantani a gefe ɗaya da ƙananan ƙusoshin titaniyom, a cusa garin da aka jiƙa da jinin majinyaci ko ruwan gishirin asibiti, a ja tantanin a kafe ɗaya gefen har ya yi tauri idan an taɓa. Tantani ya zarce bakin ramin da milimita 2 zuwa 3 ta kowace fuska. Ana zuba garin ya ɗan fi abin da ake so, saboda zai zauna.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. An ƙara abu a ƙarƙashin dasashi, amma dasashin bai ƙaru ba. Idan aka ja shi da ƙarfi aka ɗinke, cikin mako ɗaya ko biyu zaren zai yanka naman, bakin ya buɗe, miyau da ƙwayoyin cuta su shiga. Wannan shi ne babban dalilin lalacewar aikin, kuma babu ruwansa da sunan kamfanin da ke jikin kwalba. Maganinsa ɗan yanka ne marar zurfi da ake yi a siririyar fatar da ke cikin naman da aka ɗaga, wanda ke sa shi ya saki har ya rufe wurin ya yi rara ba tare da an ja ba. Sai ɗinki hawa biyu: na ƙasa mai ɗauke nauyi, nesa da bakin ciwo, na sama mai haɗa baki. Likitan da ya iya wannan zai ci nasara da gari mai arha. Wanda bai iya ba zai zubar da mai tsada. Dalili na biyu shi ne motsi: garin da ke motsi nama yake zama. Shi ya sa haƙoran roba na cirewa da ke danna wurin suke da haɗari, ko dai a ajiye su makonnin farko ko a rarake cikinsu.

Ana jira wata shida ko fiye. Idan ƙashin da ya rage zai iya riƙe ƙusa da ƙarfi, kuma ɗan gefenta ne kawai zai fito, ana iya dasa ƙusa da gari a zama ɗaya, wannan daidai ne. Wasu kuma sukan yanko ɓallin ƙashi daga bayan muƙamuƙi su ɗaure shi da sukurori, a jira wata huɗu zuwa shida. Daga haɓa ma ana yankowa, amma mun fi son bayan muƙamuƙi, saboda mutuwar leɓe da haƙoran gaba ta fi yawa bayan yankan haɓa.

Ƙara tsayi wani abu ne dabam. Yana buƙatar tantani mai ƙarfen titaniyom a ciki, jiran wata shida zuwa tara, kuma buɗewar ɗinki ta fi yawa. Kada ka bari a yi maka shi sai a hannun ƙwararren likitan tiyatar baki da fuska ko na dasashi wanda aikinsa ke nan.

Kogon kunci

Likita Hilt Tatum ne ya fara aikin gina ƙashi a ƙarƙashin kogon kunci a Amurka a shekarun 1970, Boyne da James suka fara buga shi a 1980. Idan ƙashin da ke ƙarƙashin kogon bai kai milimita 4 zuwa 5 ba, ana buɗe ƙaramar taga a gefen ƙashin ta cikin baki, a ɗaga siririn tantanin da ke shimfiɗe a cikin kogon, a cika ƙarƙashinsa da gari, yawanci sisi 1.5 zuwa 3 a kowane gefe. Idan ya kai 5 ko fiye, ana tura ƙasan kogon sama ta ramin ƙusar kanta, hanyar da Summers ya bayyana a 1994, a samu ƙarin milimita 2 zuwa 4. A nan Bio-Oss ya fi yin fice, domin kogon kewaye yake da bangon ƙashi mai jini, kuma garin da ba ya narkewa yana jure matsin iskar numfashi.

Abin da ya fi ɓaci shi ne yagewar tantanin kogon, wanda siriri ne ƙwarai. Ƙaramar yagewa ana toshe ta da kolajin a ci gaba. Babba kuwa, hankali shi ne a rufe a dawo bayan wasu watanni, domin garin da ya zube cikin kogo yana iya toshe ƙofar da majina ke fita ya haifar da ciwo mai mugunya. CBCT ne ke nuna katangun ƙashi da ke cikin wasu koguna, da jijiyar jinin da ke ratsa bangon, da kumburin da ya kamata likitan hanci ya fara magancewa.

Rabon majinyaci

Taba ce kan gaba. Tana matse ƙananan jijiyoyin jini, ɗinki ya ƙi kamawa. Shisha ma haka. Mai ciwon suga ya kawo gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na watannin baya, kuma likitoci da yawa ba sa taɓa wanda ya haura kashi 8 cikin ɗari. Wanda ke shan alendronate, ko ake yi wa allurar zoledronate ko denosumab saboda raunin ƙashi ko kansa, dole ya faɗa, haka wanda aka taɓa gasa wa muƙamuƙi da hasken maganin kansa, domin ƙashinsu na iya mutuwa maimakon ya warke. Ciwon dasashi a sauran haƙora kuma sai an magance shi tukuna.

Kumburi yakan kai ƙarshensa a rana ta biyu zuwa ta uku, sannan ya fara sauka. Ganin 'yan tsaba kamar yashi a baki a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Abin komawa asibiti da gaggawa shi ne kumburin da ya dawo bayan ya sauka, zazzaɓi, wari ko mugunya, ganin tantani a fili, ko leɓen da bai farfaɗo ba washegari. Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Kurkurar chlorhexidine, mai kashe ƙwayoyin cuta, ana fara ta washegari, sau biyu a rana, a jujjuya kai a hankali a bar ruwan ya zubo.

Akwai abubuwan da takardar gargaɗin da aka kwafo daga Turai ba ta ambata. Kurkurar baki a alwala a yi ta da sauƙi, kada a sa yatsa a goge wurin. Asuwaki kada ya kusanci ɗinki. Goro da ƙilishi da aya su jira. Wanda aka yi wa aikin kogon kunci ya guji shaƙa ruwa da ƙarfi da fyace hanci na mako biyu aƙalla, idan atishawa ta zo ya buɗe baki. Doguwar sujada a kwanakin farko takan ƙara bugun jini a wurin. Kuma a duba kalanda: maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin sau uku ake sha a rana, wanda bai dace da azumi ba, don haka a sa ranar aiki kafin watan ko bayansa.

Inda ba a buƙatarsa, da batun kuɗi

Ba kowane ƙashi mai ƙaranci ne sai an gina ba. A baya, inda faɗi ya wadata tsayi ne ya gaza, gajerun ƙusoshi masu milimita 6 suna aiki, kuma suna kawar da tiyata guda. Ga wanda babu haƙori ko ɗaya a muƙamuƙinsa akwai tsarin ƙusa huɗu da Paulo Malo na Lisbon ya yaɗa, inda ake karkatar da na baya don kauce wa kogo da jijiya. Gadar da ake ɗorawa a haƙoran gefe ma zaɓi ce mai mutunci, musamman idan haƙoran gefen dama suna buƙatar rufi. Asibiti nagari yakan jera maka waɗannan kafin ya ambaci gari.

Kayan nan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin canji, don haka ka nemi a rarrabe maka lissafi: kuɗin gari da adadin giram, kuɗin tantani, kuɗin aiki, da wanda zai ɗauki nauyi idan aka sake. Kwalbar gari ta mutum ɗaya ce, a zama ɗaya. A buɗe ta a gabanka, ka ga ranar ƙarewa, a manna tambarin da ke ɗauke da lambar rukuni a katinka. Ragowar kwalbar da aka buɗe wa wani jiya ba ta da tsarki, komai rangwamen da aka yi maka.

Masu fita Masar ko Indiya ko Turkiyya su lura cewa wannan aiki ba ya shiga hutun mako biyu. Tafiya biyu ce ko uku, da watanni a tsakani, kuma ɗinki yakan buɗe ne a mako na biyu ko na uku, lokacin da mutum ya riga ya dawo gida. Kafin ka sayi tikiti, ka sami likitan da zai duba ka a nan, ko a sashen tiyatar baki da fuska na asibitin koyarwa irin na Aminu Kano ko na Shika, ko a asibiti mai zaman kansa da ke da ƙwararre. Ka dawo da hoton CBCT a faifai, da sunan gari, da sunan tantani da bayanin ko mai narkewa ne ko sai an zare, da adadin ƙananan ƙusoshi ko sukurorin da aka bari a ciki, domin wanda zai buɗe wurin bayan wata shida sai ya ƙirga su kafin ya fara huda.